JIKA A GABAN KAKA: DARASI A KAN RENON YARA ƘANANA

  

Ya 'yan'uwa samari, darasinmu na yau a kan wani abu ne da yake cikin gidan kowannenku, amma saboda sabo ba ku ganinsa. Duk wanda ya tashi a Gammo, ko Garo, ko Godiya, ko can Getso da Kutama ta wajen Gwarzo, ya san yadda gida yake zama da hantsi idan damina ta kankama. Maza sun tafi gona tun da sassafe. Matan aure suna kan turmi da murhu, don a kai wa manoma abinci kafin rana ta take. To yaran da ba su isa zuwa gona ba, masu rarrafe da masu tatata da 'yan shekara uku da huɗu, wa yake riƙe da su? Tsohuwa ce zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta, tana ɓarar gyaɗa ko tsinke zogale, ɗaya yana barci a cinyarta, ɗaya yana jan zanenta, ɗaya ta aike shi ya ɗauko mata faifai don dai ya koyi aike. A zaure kuwa tsoho ne yana tufkar igiya, jikansa yana riƙe masa bakinta, yana biya masa Fatiha kalma kalma.

Babu wanda ya taɓa kiran wannan zama da sunan makaranta. Babu mai albashi a cikinsa. Amma a nan ne yawancinmu muka koyi magana, muka koyi cin abinci da dama, muka koyi sallama da gaisuwa, muka fara jin sunan Annabi. Abin da muke tsoro shi ne wannan zama ya fara watsewa, kuma da hannunmu samari yake watsewa, wani saboda neman duniya, wani kuwa, abin mamaki, da sunan addini.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKE BIYAN KUƊI SU MAIDO

Ku saurara ku ji halin mutanen da suka riga mu raba tsoho da yaro. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan, idan mutum ya tsufa akan kai shi wani gida na musamman inda ma'aikata suke kula da shi, yaro kuma tun yana 'yan watanni a kai shi gidan reno domin uwa da uba sun tafi aiki. Tsoho yana can cikin tsofaffi, yaro yana can cikin yara. Abinci akwai, magani akwai, gado mai laushi akwai, amma kaɗaici ya zama cuta. Har ta kai a shekarar 2018 gwamnatin Ingila ta ɗora wa wata minista aikin yaƙi da kaɗaici, Japan ma ta yi haka a 2021. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da gargaɗi, ya kwatanta illar rashin cuɗanya da mutane da illar shan karan sigari har 15 a rana.

To da suka ga haka sai wasu daga cikinsu suka fara neman gyara. A unguwar Edogawa ta birnin Tokyo akwai wani gida da ake kira Kotoen, wanda tun 1976 ya haɗa gidan tsofaffi da wurin renon yara, suna motsa jiki tare da safe, suna cuɗanya a wuni. A birnin Siyatil na Amurka, gidan tsofaffi na Providence Mount St. Vincent ya buɗe wurin renon yara a cikinsa a 1991, yara tun daga 'yan mako shida har zuwa shekara biyar suna shiga wurin tsofaffi kusan 400, a yi zane tare, a ci abinci tare, ko dai a zauna kawai. A Landan kuma, a 2017, aka buɗe makarantar reno mai suna Apples and Honey Nightingale a harabar wani gidan tsofaffi na Yahudawa, jaridun ƙasar suka yi ta ba da labari kamar an gano sabon abu. Masu kula da waɗannan wurare suna faɗin cewa tsohon da ya saba wuni a kwance yakan tashi ya yi shiri idan ya san yara za su zo, yaran kuma sukan daina tsoron furfura da sanda da rawar hannu.

Ba mu kawo wannan don mu ce a kwaikwayi Turawa ba. Ai mu ba mu rasa abin ba tukuna balle mu nemo shi a wurinsu. Mun kawo shi ne don wanda ba ya ganin darajar abu sai ya ji an ce ana yinsa a Landan. Ka duba fa, su sai sun gina gini, sun ɗauki ma'aikata, sun rubuta tsarin sa'o'i, kafin tsoho ya ɗauki yaron da ba jininsa ba na sa'a ɗaya. Kai kuwa uwarka tana nan tsakar gida, ɗanka yana nan, babu abin da ya raba su sai kai.

INA DALILI?

Mu dai ba ma karɓar magana sai da dalili, to ga shi. A cikin Suratur Rum, aya ta 54, Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba da labarin cewa Ya fara halittar mutum da rauni, sa'an nan Ya ba shi ƙarfi, sa'an nan Ya mayar da shi ga rauni da furfura. Watau rauni biyu ne, ƙarfi ɗaya a tsakani. Kai saurayi kai ne a tsakiyar nan, kuma raunanan nan biyu duk a wuyanka suke. Hadisin nan da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya nesanta kansa a cikinsa daga wanda ba ya jin ƙan ƙarami kuma bai san haƙƙin babba ba, ku lura a magana ɗaya ya haɗa su, bai raba ba.

Shi kansa Manzon Allah a hannun kaka ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa. Mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa'i yana da shekara shida, kakansa Abdulmuɗɗalabi ya riƙe shi har ya kai shekara takwas. Masu tarihi sun ba da labarin shimfiɗar da akan yi wa tsohon a inuwar Ka'aba, wadda 'ya'yansa ba sa hawa don girmama shi, amma jikan ya zo ya zauna, idan baffanninsa suka so janye shi tsohon ya hana. Da shi kuma ya zama kaka, me ya yi? Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ƙatada cewa ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umamatu 'yar Zainab, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Nasa'i ya ruwaito cewa wata rana ya tsawaita sujada har sahabbai suka yi zaton wani abu ya faru, ashe jikansa ne ya hau bayansa bai so ya gaggauta masa ba. Ya taɓa katse huɗuba ya sauko daga mumbari ya ɗauki Hasan da Husaini da ya hango suna tafe suna tuntuɓe. Duk wannan fa yana da shekara hamsin da wani abu zuwa sittin, yana shugaban al'umma. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi bai yaba masa ba, gargaɗi ya yi masa a kan rashin jin ƙai.

Sai kuma wata ƙissa da Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, wadda ya kamata kowane saurayi mai ɗa ya sani. Sayyadina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, sai ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa. Kakar yaron ta biyo shi ta ƙi yarda, har maganar ta kai gaban Halifa Abubakar. Umar yana cewa ɗansa ne, tsohuwa tana cewa ɗanta ne. Abubakar ya yanke hukunci a bar mata shi, Umar kuwa bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Umar fa! Wanda Shaiɗan yake canza hanya idan ya hango shi, ga shi ya sakar wa tsohuwa ɗansa.

A kan irin wannan ne malaman Malikiyya suka gina babin reno, wanda ake kira halana. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, idan aure ya mutu uwa ce take da haƙƙin riƙon ɗa, idan ta rasu ko ta yi wani aure sai kaka, sa'an nan inna, watau 'yar'uwar uwa. A cikin Muhtasar na Halil ma, kaka ta wajen uwa tana gaba, kuma uba yana bayan mata da dama a wannan jeri, ko da yake ciyarwa da tufatarwa suna nan a kansa. Wannan ya saɓa wa abin da da yawa daga cikinmu suke yi, mutum ya saki mace yau, gobe ya ƙwace ɗan shekara biyu ya kai wa amarya, kakarsa tana kuka. Ku riƙe wani abu kuma daga Muhtasar ɗin, za mu dawo gare shi: an shardanta mai reno ta kasance mai hankali, mai iya ɗaukar nauyin, ba wadda tsufa ya gajiyar ba, kuma ba mai wata cuta da za ta cutar da yaron ba.

ABIN DA MUKA GADA

Al'adarmu ta Hausa a wannan babi ta dace da Shari'a a wurare da yawa. Idan yaro ya kusa shekara biyu aka zo yaye, gidan kaka ake kai shi, ita ce take lallashinsa da kunu da gumba har ya manta nono. Wasan jika da kaka ma ba banza ba ne. Tsohuwa ta kira jikanta namiji maigida, ta kira macen kishiya, tsoho ya kira jikarsa amarya, a yi ta tsokana. Yaron da ba ya iya ɗaga ido a gaban ubansa, a gaban kaka yake sakin baki, a nan yake yin tambaya, a nan harshensa yake warwarewa. Masu binciken lafiyar yara sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwa tana kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta kafin yaro ya wuce shekara biyar zuwa shida, kuma abin da yake gina ta, bayan abinci, shi ne a yi wa yaro magana ya mayar, a amsa masa. To wa yake da lokacin amsa tambayar ɗan shekara uku sau ashirin? Uwa tana da daka da wanki da goyo a baya. Uba yana Legas ko Fatakwal cin rani. Tsoho shi yake da lokaci, lokacin ma har ya yi masa yawa.

Akwai wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, ta yi ƙuruciyarta a yankin Zarewa, nan ƙasar Rogo, ba nisa da mu. Ta ba wa wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a Giwa a 1949 zuwa 1950, aka buga shi littafi a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi, kuma a cikin labarinta an ga yadda wasan kakanni da riƙo suke ɗaure zumunci a ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa. A Sakkwato kuma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da ta so ilmi ya kai ga matan ƙauye, dattijan mata ta naɗa jajis, su ne suke tahowa tare da 'yan mata ƙanana su ɗauki karatu su koma su koyar da matan aure a gida. Tsofaffi da yara, su ta ɗora wa amanar.

Har lissafi ya shaida. A ƙasar Gambiya likitoci sun rubuta haihuwa da mutuwa da awon yara a wasu ƙauyuka, cikinsu har da Keneba, daga 1950 zuwa 1974. A shekarar 2000 wasu masu bincike, Rebecca Sear da Ruth Mace da Ian McGregor, suka duba waɗannan takardu, suka gano cewa yaran da kakarsu ta wajen uwa take raye sun fi girman jiki kuma sun fi tsira daga mutuwa, musamman a shekarun yaye. Wannan ba hujjar Shari'a ba ce, hujjarmu ta riga ta gabata. Amma abin lura ne cewa wadda fiƙihu ya gabatar ita ce awo ya nuna. Kuma mu ne muka fi kowa bukatar jin wannan, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba.

LAIFI BIYU

Na farko laifin mai zafin kai ne. Saurayi ya yi karatu, ya gane Sunna, alhamdu lillahi. Ya dawo gida ya tarar uwarsa ta ɗaura wa ɗansa laya a wuya ko guru a ƙugu. Sai ya fizge a gaban matarsa, ya ɗaga murya, ya kira uwar da ta haife shi da sunan da ba ya faɗuwa, ya hana a ƙara kai mata yaron. Wani ma ya kwashe iyalinsa ya koma bayan gari. Ya ɗan'uwa, mu ba mu ce laya daidai ce ba. Hadisai sun zo da tsoratarwa mai tsanani a kan rataye abu don neman tsari, kuma wajibi ne a cire. Amma wa ya koya maka wannan hanya? A Suratu Luƙman, aya ta 15, an yi maganar iyayen da suke tilasta wa ɗa ya yi shirka ƙarara, aka hana shi yi musu biyayya a kan haka, amma a cikin ayar aka umarce shi ya zauna da su da kyautatawa. Annabi Ibrahim a Suratu Maryam, yana magana da uba mai bautar gumaka, sau huɗu yana kiransa da kira mai taushi na ɗa ga mahaifi. Asma'u 'yar Abubakar, da uwarta mushirika ta zo mata Madina, Annabi ya umarce ta ta sadar da zumuncinta. Uwarka kuwa Musulma ce mai salla da azumi, tsoron kada jikanta ya mutu ne ya sa ta ɗaura, wataƙila ita ta binne 'ya'ya uku ko huɗu kafin kai ka rayu. Ka cire layar ka ba ta abin da ya fi ta. Ka zauna da ita bayan Isha'i, ka ce, "Iya, Annabi ma ya nema wa Hasan da Husaini tsari, bari in koya miki addu'ar da yake yi musu." Ka biya mata Falaƙi da Nasi har su zauna, ka ce aikinta ne ta tofa wa yaron kullum safe da yamma. Wallahi ba za ta yi fashi ba, ta fi ka kiyayewa. Idan ka raba su kuwa, layar ta tafi, amma tatsuniya ta tafi, tarihin gidanku ya tafi, mai tashi da dare ta taɓa goshin yaro ta ji zazzaɓi ta tafi, kuma ka koya wa ɗanka da aiki yadda ake yi wa uwa.

Na biyu laifin mai son banza ne, kuma ya fi yawa. Shi wannan bai raba jika da kaka ba, jibga mata ya yi. Da an yi girbi ya ɗauki jaka ya tafi kudu, ko ya shige Kano yana haya da babur mai ƙafa uku, ya bar wa tsohuwa mai ciwon gwiwa yara huɗu, babu hatsi isasshe, babu kuɗin magani, sai ya bugo waya ya ce a gaida yara. Ko ya saki uwarsu ya ce ai Hajiya tana nan. Wannan ba girmama tsoho ba ne, bautar da shi ne. Ku tuna sharaɗin da muka ce a riƙe: wadda tsufa ya gajiyar ba a ɗora mata reno. Ta zauna da jikoki su ɗebe mata kewa, wannan haƙƙinta ne. Ta yi musu wanka da wanki da surfe da ɗebo ruwa tana shekara saba'in, wannan zalunci ne, kuma Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, da ta yi maganar iyaye idan tsufa ya riske su, a wurinka ta ce suke, watau kai ne mai ɗaukar nauyinsu, ba su ne masu ɗaukar naka ba. Idan kuma tsohuwar ta kasa, kan wa nauyin yake faɗawa? Kan yarinya 'yar shekara takwas, a cire ta daga makaranta a ɗaura mata goyo.

ABIN DA ZA A GYARA A HANNUN KAKA

Ba duk abin da tsofaffi suka gada ne alheri ba, kuma ɓoye wannan ha'inci ne. Kunyar ɗan fari, har uwa ta ƙi kiran sunan ɗanta ko ta ƙi kula shi a gaban mutane, ba ta da asali a addini. Matse dakashi a zubar, watau nonon farko mai kauri, da cewa wai mugun nono ne, hasara ce babba, domin shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri. Ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo ko rubutu yana kawo gudawa. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, Alƙur'ani kuma ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa. Kiran wanzami ya cire wa ɗan kwana uku belu, jini yana iya ɓallewa, ƙwayar cuta tana iya shiga. Zuma da take waraka ga babba, likitoci sun hana ba wa wanda bai cika shekara ba. Idan kuma tsoho yana tari fiye da mako biyu, ka kai shi asibiti a gwada tarin fuka kafin ka ci gaba da kwantar da yaro a ɗakinsa. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma shi ma tsohon ka cece shi.

Amma ku lura da wani abu. Duk waɗannan, a gidan Bahaushe, ba matarka ce take yanke hukunci a kansu ba, musamman a haihuwar fari da take wankan jego a gidansu. Kaka ce. Ma'aikaciyar asibiti za ta yi wa amarya bayani na rabin sa'a, ta dawo gida tsohuwa ta rushe shi da kalma ɗaya. A ƙasar Senegal wata ƙungiya mai suna Grandmother Project ta gane haka, ta mai da kakanni su ne abokan shawara a kan lafiyar mata da yara, maimakon a tsallake su. Saboda haka ranar awo ko rigakafi, ka ɗauki uwarka ko surukarka a tafi da ita, ta ji da kunnenta, a tambaye ta ra'ayinta a gaban mutane. Tsohuwar da aka girmama ta karɓi magana, unguwa guda za ta gyara.

SHAWARA GA KWAMITIN MASALLACI

Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da yara ƙanana cikin ilmin tushe, shi ya sa kuke ganin rabin aji a wasu firamare. Dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa kuma an sa mata hannu a farkon 2018. Doka biyu, ofis biyu, yaro daban tsoho daban, irin rabon da wasu suke ƙoƙarin warwarewa. Kafin wannan ya iso ƙauye da ƙarfinsa, ga abin da samarin unguwa ɗaya za su iya da hannunsu.

A nemi gida mai fili da inuwa a cikin unguwa, da yardar maigidan. Daga hantsi zuwa azahar, musamman da damina da lokacin girbi, a tara yaran da aka yaye har zuwa 'yan shekara biyar. Dattijai mata biyu ko uku masu sauran ƙarfi su zauna da su, da mace ɗaya mai ƙuruciya wadda za ta yi ɗauka da wanki da guje-guje, domin wannan ba aikin tsohuwa ba ne. Kada yara su wuce biyar ko shida a gaban mutum ɗaya. Dattijo ɗaya ya shigo zaure na ɗan lokaci ya biya musu Fatiha da ƙananan surori da addu'ar cin abinci, ba bulala, domin waɗannan ba su kai shekarun umarni da salla ba ma balle duka. Tsofaffin da suka gajiya ƙwarai, waɗanda suke wuni su kaɗai a ɗaki, a riƙa kai musu yaran biyu biyu su gaishe su, su ɗan zauna. Aikin samari shi ne rumfa, da tabarmi, da randa mai murfi, da sabulu, da rufe bakin rijiya, da kange murhu, da gyara masai. Kowane uba ya kawo kwanon gero ko waken suya ko gyaɗa a wata don kunun yara. Kuma a yanka wa dattijan nan wani abu a hannu duk wata, ko kaɗan ne, a ba su a asirce cikin mutunci, kada a ce ai lada suke nema. Kai ma da kake limanci ko koyarwa a Islamiyya lada kake nema, amma ba ka ƙin alawus.

Wanda zai fara, ya fara da zuwa wurin mai unguwa da limamin unguwa, ko da ba ra'ayinku ɗaya da shi ba, domin yaran na kowa ne. Sa'an nan a bar tsofaffin su zaɓi gidan da kansu, sun fi ku sanin wace ce take da haƙuri da yara, wace ce kuma ba a shiri da ita.